Stefa da Yaron Gidan Corinne

Yayata Stefa ba ta taɓa ɗaura takalmin ƙanƙara a ƙafarta ba tun da uwarmu ta haife ta, amma idan ta zauna a benci na uku bayan ragar kudu ta ce wane ba zai kai labari ba, ko uban yaron ne a kusa sai ya sunkuyar da kai. Ba wai don tana faɗa daidai ba, a'a. Ni ƙanwarta na san yaran da ta yanke wa hukunci suka ba ta kunya, suna da yawa. Murya ce kawai Allah ya ba ta, da irin fuskar da ba a ja da ita.

A garinmu, can tsakiyar lardin Saskatchewan na Kanada, da zarar an kwashe alkama ba sauran abin yi sai hoki, wato ƙwallon sanda da ake yi a kan ƙanƙara. Kulob ɗin matasanmu yana ɗebo yara daga garuruwa masu nisa, 'yan sha shida zuwa ashirin, ya raba su gidajen mutane su yi hunturu. Stefa ta fara karɓar yara tun mijinta yana da rai, bayan ya rasu ma ba ta daina ba. Ita ce uwar masaukin da ta fi kowa daɗewa. Ta wanke safa mai warin da zai kori kare daga gida, ta zauna a asibiti da waɗanda aka fasa wa haƙori, ta rarrashi ƙattai masu gemu suna kukan kewar gida. Duk suna kiranta Mama Stefa.

Mu 'yan benci na uku kuwa, ko atisaye ake yi muna nan da kofinmu na gahawa, mun ƙudundune cikin barguna muna auna 'ya'yan mutane. Akwai Metro, tsohon manomi, wanda ba ya kallon komai sai ƙafa. Akwai Lorne mai aski, shi kuma rantsuwa yake yi cewa daga yadda yaro ya riƙe sanda yake gane makomarsa.

"Dubi mai lamba tara yadda yake juyawa," Metro zai ce. "Sai ka ce tarakta a cikin taɓo."

"Ai tarakta ta fi shi," in ji Lorne. "Ita ko ta lalace ana sayar da tayoyinta."

Stefa ba ruwanta da ƙafa ko sanda. Ita daga faranti take hukunci. Yaron da ya bar saura a faranti, a cewarta, zai bar saura a fili. Da wannan ma'aunin kuwa duk yaran gidanta taurari ne, don babu mahaluƙin da ya taɓa barin pirogin Stefa a faranti. Takan cusa dankali da cuku a cikin ƙullun, ta dafa, sannan ta soya da albasa a man shanu, ta malala kirim mai tsami a kai. Ni kaina da muka koya wurin uwa ɗaya ban taɓa kamo ta ba, kuma abin yana ci mini rai har gobe.

Sai dai ga abin da ya tsaya mata a wuya. Duk shekara a watan Yuni manyan kulob-kulob suna zaɓen yara, ana nunawa a talabijin. Idan aka kira sunan yaro sai ya miƙe a cikin taro, ya rungume uwarsa, ya rungume ubansa, sannan ya juya ga uwar masaukinsa da ke zaune a gefe, duniya tana kallo. Wannan kujerar Stefa take so. A duk yaran da suka kwana a gidanta ba a taɓa kiran ko ɗaya ba. Wani ya zama mai gyaran famfo, wani ɗan sanda, da yawa sun koma gonar iyayensu, ɗaya ma limamin coci ya zama. Tana ƙaunarsu, suna kawo mata 'ya'yansu ta gani, amma ranar zaɓe sai ta zauna gaban talabijin tana cika tana batsewa.

"Dubi wannan da ake runguma," za ta ce mini. "Halya, ki duba hannunta. Wannan ko ƙwai ta iya dafawa?"

"Yaya, ina ruwanki da hannunta?"

"Da ruwana mana. Ni me na yi wa Allah?"

A kakar wasan da nake ba ka labari, manajan kulob ya zo har gida ya zauna a kicin ɗinta yana ta murza hula. Ya ce gwiwoyinta sun gaji da hawa bene, kuma ta daina tuƙi idan dusar ƙanƙara ta sauka, don haka wannan shekarar ce ta ƙarshe da za a ba ta yaro. Ta ji, ba ta damu ba, don ta riga ta ji wani labarin da ya fi wannan. An samo wani yaro mai suna Tavis, ɗan shekara sha bakwai, wanda kowa ya ce tun ranar farko ta zaɓe za a kira shi. Ta ɗauka manajan ya zo ne ya ce ga shi nan, a sallame ta da shi. Har ta sake zanen gadon ɗakin sama.

Ashe gidan Corinne aka kai Tavis.

Corinne matar dillalin taraktoci ce, daga birni ya auro ta, kuma ba ta taɓa karɓar yaro ba sai wannan karon da 'yarta ta tafi jami'a gidan ya yi mata faɗi. A ƙasan gidansu akwai ɗaki cike da ƙarafan motsa jiki da keken gudu. Shi ne dalilin da kulob ya bayar. Gaskiya matar ba ta da laifi, tana gaida mutane, tana kawo kek idan an yi rasuwa. Amma ni ma ban so ta ba, saboda wasu dogayen takalma da take sawa waɗanda ko gishirin da ake watsa wa titi don narkar da ƙanƙara ba ya ɓata su.

Stefa kuma aka ba ta Emil, wani dogon ɗan baya daga wata gona a arewa, wanda mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami. Ba ya magana sai an tambaye shi. Shekarar da ta wuce ya isa zaɓe ba wanda ya ko kalle shi. Ranar da ya iso ya buga goshi a ƙofar kicin, ya ba ƙofar haƙuri.

"Sun ba matar birni zinariya, ni sun ba ni tsani," Stefa ta ce da ni a waya. "Shekara da shekaru ina wanke musu safa! Allah ya isa."

Wasan farko da muka ga Tavis, kai, ba a magana. Yaron kamar ba ya taka ƙanƙarar. Ya ɗauko ƙwallo tun daga bayan ragarmu, ya wuce mutum uku, ya ɗaga ta saman kafaɗar gola. Metro ya miƙe tsaye har bargonsa ya faɗi, abin da bai yi ba ko ranar auren 'yarsa. A layin sama muka hango mafarautan 'yan wasa na manyan kulob, da baƙaƙen rigunansu, kowa ya sunkuya. Corinne tana can gefe tana tsalle tana tafi, mutane suna juyowa suna taya ta murna sai ka ce ita ta haife shi. Na dubi Stefa, na ga ta taɓe baki.

"Ba shi da nauyi," ta ce. "Iska mai ƙarfi za ta ɗauke shi. Ba a ba shi abinci."

"Haba Stefa," in ji Lorne, "idan yunwa ce ke sa haka, a hana sauran ma abinci."

Rannan Emil ya yi wasansa, bai yi ɓarna ba, bai kuma yi abin a-zo-a-gani ba. Da aka tashi ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa yana jira ta ce masa wani abu. Ta ce ya je ya tayar da mota ta yi ɗumi.

Emil ɗin ne da kansa ya jawo wa kansa. Wata Lahadi ya zo da Tavis cin abincin rana, don sun ɗan saba a motar kulob. Ina gidan. Ashe Corinne, da yake tana tsoron kuskure, abin da koci ya ce shi take dafawa ba ƙari ba ragi: dafaffen ƙirjin kaza ba mai, ganye, da wani koren abu da ake markaɗawa a sha. Yaro ya ga pirogi yana ninƙaya a man shanu, ya ga naɗaɗɗen kabeji da nama da shinkafa a ciki. Ya ci faranti ɗaya, ya ci na biyu, a na uku har da lumshe ido.

"Mama Stefa," ya ce, bakinsa cike, "na rantse ranar zaɓe kina gefena."

Maganar yaro ce da ya ƙoshi, ko ni da na ba shi alewa zai faɗa mini haka. Amma na ga yadda ta shige ta. Ta juya wai tana duba tukunya, tana goge ido da gefen atamfar girkinta.

Daga nan Tavis ya mai da gidan wurin zuwa. Ya ci na Corinne don kada ta ji haushi, ya ce zai je wurin abokai, ya zarce gidan Stefa ya ci na gaske. Ta ba shi kujerar da ke kusa da murhu, wadda Emil yake zama. Ta koyi irin soyuwar da ya fi so. Idan tukunya ta kusa ƙarewa, shi ake kwashe wa, Emil a yanka masa burodi. A benci kuwa bakinta bai iya riƙe sirrin gaba ɗaya ba. Idan Tavis ya ci ƙwallo sai ta gyara zama ta ce, "Ƙarfin nan dai na san inda aka samo shi," ta saci kallon Corinne.

Ni na lura da Emil. Ina ganin yadda yake kallon farantin Tavis, ba don abincin ba. Wata rana ya dawo daga wasa da ɗinki a haɓa, ya tare ƙwallo da fuska don kada ta shiga raga, ya zauna yana jira ta gani. Tana can tana tambayar Tavis ko gishiri ya ji. Emil ya tashi ya wanke farantinsa, ya ɗauki riga ya fita. Daga ranar, da Tavis ya shigo ta gaba, shi sai ya fice ta baya.

"Yaya, yaron nan kishi yake yi fa," na ce mata.

"Wane kishi? Namiji ƙato? Yana da gado, yana da abinci, me aka hana shi?"

"Ki riƙa dai kallonsa."

"Ina kallonsa mana. In ban kalle shi ba ai sai in yi karo da shi."

Wajen Kirsimeti benci ya fara gunaguni. Metro ne ya fara.

"Yaron nan ya rage taku," ya ce. "Da, taku biyu ya bar mutum. Yanzu sai ya yi huɗu, kuma mutumin yana manne da shi."

"Tsoka ce yake tarawa," in ji Stefa. "Girma yake yi. Kai da ba ka gani sai da tabarau biyu."

"Tsoka a ƙarƙashin haɓa?" Lorne ya tambaya. "Ni nake masa aski, na ga wuyan. Wannan tsokar irin tawa ce."

Aka yi ta musu har gahawa ta huce. Wasu suka ce haka 'yan sha bakwai suke, jiki ya kan rikice kafin ya daidaita. Wasu suka ce yabo ne ya shiga kansa. Wani ya ce laifin koci ne da yake sa shi wasa da yawa. Ba wanda ya kawo pirogi a ransa sai ni, ni kuma na ja bakina, don ita ce babba, kuma na san halinta.

A tsakiyar musun nan ne Metro ya nuna can baya da haɓa. "Ku bar wancan tukuna. Wa ya canza wa tsanin Stefa ƙafafu?"

Muka duba. Emil ne yake ja da baya a guje, ɗan gaba yana ƙoƙarin wuce shi, ya matse shi a bango ya karɓe ƙwallo a hankali kamar mai karɓar cokali a hannun jariri. Ya rame, kafaɗunsa sun buɗe. Stefa ko juyawa ba ta yi ba, idonta yana kan Tavis da ke zaune a bencin 'yan wasa yana haki.

Ni na bi diddigi, don ban iya ganin abu in bari ba. Ashe wani yammaci da Emil ya mai da Tavis gida, Corinne ta nuna masa ɗakin ƙarafan nan da ba mai shiga, ta ce idan yana so ƙofa a buɗe take. Tun daga ranar, duk lokacin da ya fice ta bayan gidan Stefa, can yake zuwa. Ya ɗaga ƙarfe, ya tuƙa keke har gumi ya jiƙa ƙasa. Corinne ta ba shi sauran kazar da ganyen. Matar da ba ta san komai a hoki ba ta koma ɗaukar wasansa a waya, su zauna su kalla tare, tana tambayarsa me ya sa ya tsaya nan bai tsaya can ba. Wai har magana yake yi a gidan, har da dariya.

Na kai wa Stefa labari da zafinsa, ina zaton za ta yi tsalle. Sai ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"To ai musayar 'yan wasa muka yi! Ta ɗauki tsani, na ɗauki zinariya. Ki tambayi Metro wa ya ci riba."

A watan Janairu aka ɗora yara a sikeli. Tavis ya ƙara laba goma da ɗoriya. A makon ne kuma mafarauta suka fitar da matsayin yara na tsakiyar kaka, sunansa ya gangaro ƙasa sosai. Koci ya kira Corinne ofis ya wanke ta tas, ya ce an ba ta amana ta lalata. Ta fito tana kuka ta wuce ta gabanmu. Stefa ta kurɓi gahawarta ta ce, "Ai na faɗa, ba kowa ke iya riƙon yaro ba." Wallahi ranar na ji kunyar zama kusa da ita.

Asiri bai daɗe ba. A garin da kowa ya san motar kowa, wa zai ɓoye inda yaro yake ajiye tasa kullum? Ranar wasa, lokacin hutun farko, muna layin sayen gahawa, Corinne ta taho da takalman nan nata ta tsaya gaban Stefa. Fuskarta ta yi ja.

"Mama Stefa, ke ce?"

"Ni ce me?"

"Wata uku ina wanke rigunansa suna warin albasa, ni ko albasa ban soya ba. An zage ni a ofis kina zaune kina ji. Me na yi miki?"

"Yunwa kika bar ɗan mutane da ita, ya zo ƙofata. In kore shi?"

"Ba yunwa ba ce, aikinsa ne! Rayuwarsa ce kike soyawa a man shanu!"

"Ke yaushe kika zo garin nan da za ki koya mini riƙon yaro? Ina goge hancin 'yan wasa kina makarantar firamare!"

"To a cikinsu wa aka taɓa zaɓa?"

Layin gaba ɗaya ya juyo. Corinne kanta ta rufe baki da hannu, don ba irin maganarta ba ce. Stefa ta ajiye kofin a kan teburin mai gahawa, ta juya ta koma benci, ta zauna har aka tashi. Ni da na zo da niyyar jin haushinta sai na koma jin tausayinta, na riƙe mata hannu a ƙarƙashin bargo, ta fizge.

Koci ya hana Tavis taka gidan. Ubansa ya tuƙo mota tun daga garinsu ya zo ya tsaya masa a ka. Yaro ya tsorata, ya daina cin abinci gaba ɗaya don ya zubar da nauyin da sauri, sai ƙarfin ma ya tafi. A wasannin ƙarshe ana ture shi kamar buhun da ba komai a ciki. Benci ya rabu biyu, masu cewa zai dawo da masu cewa an gama. Stefa tana cikin na farko, ita ce ma shugabarsu.

"Zinariya ko ta faɗa toka zinariya ce," Lorne ya fara, Metro ya katse shi ya ce ya bar zancen zinariya, ƙafa ake magana, kuma ƙafar da ya gani a wannan watan ta Emil ce.

Da kakar wasa ta ƙare a watan Afrilu yara suka watse. Tavis ya ɗago mata hannu daga cikin motar ubansa, motar ba ta tsaya ba. Duk da haka ta sa na kai ta birni ta sayi riga shuɗiya mai ƙyalli, ta rataye a jikin ƙofar ɗakinta. Kullum na je sai ta ce wayarta kamar ba ta ƙara, in duba mata. Wayar lafiyarta ƙalau. Emil shi ya zauna ƙarin mako ya gyara mata matakalar baya, ya cire mata ƙarin tagogin da ake maƙalawa don hunturu, sannan ya tafi gonarsu.

Tavis bai kira ba.

Ranar farko ta zaɓe ta wuce ba a ambaci kowa daga garinmu ba. Rana ta biyu, Asabar da hantsi, kulob ya kafa babban talabijin a zauren cin abinci na filin, aka jera kujeru. Ban yi zaton Stefa za ta zo ba, sai ga ta da tsohuwar rigar sanyinta, a watan Yuni. Ta zauna a gaba, jaka a cinya. Ana ta kiran 'ya'yan wasu, muna ta yanke musu hukunci ko ba mu taɓa ganinsu ba. Metro ya ce wani ɗan Sweden tafiyar agwagwa yake yi. Ni ina ta duba inda Corinne take ban gan ta ba, na ɗauka kunya ce ta hana ta fitowa.

Can sai mutumin da ke kan dandamali ya karanto sunan garinmu. Kowa ya ɗago kai. Stefa ta miƙe rabi, bakinta ya riga ya fara haɗa sunan Tavis.

Emil aka kira.

Wayyo, ihu! Lorne ya hau kujera da tsufansa. Mutane suka yo kan Stefa, wannan ya ja hannu, wannan ya dafa kafaɗa. "Yaronki, Mama Stefa! Yaronki ne! Yau dai Allah ya yi!" Ita kuwa ta daskare tana kallon talabijin. Ga Emil ya miƙe cikin kwat da ta yi masa gajarta a hannu, ya rungume wani tsoho mai ƙonannen wuya, ubansa ke nan. Sannan ya juya ɗaya gefen ya sunkuya sosai, ya rungume wata mata ya ɗaga ta sama har ƙafafunta suka bar ƙasa. Da ya sauke ta muka ga fuskar. Corinne ce, tana kuka tana dariya. Mai sharhi ya ce ga alama wannan ita ce matar da ta riƙe shi a garin da ya yi wasa.

Hannuwan da ke kafaɗar Stefa suka janye ɗaya bayan ɗaya.

"Hannun Corinne ne wannan," wani ya faɗa daga baya. "A ƙasan gidanta aka ƙera yaron nan."

Stefa ta juyo. "A gidana ya kwana!" ta ce, muryar nan tata ta cika zauren. "Hunturu guda a gidana ya kwana!"

Metro bai ɗaga murya ba, bai ma dube ta ba. "Kwana kam ya yi," ya ce.

Na kama hannunta muka fita. Sai daga baya muka ji an kira Tavis can wajen ƙarshe, lokacin an fara naɗe kujeru.

A mota ni ce na kasa haƙuri. Na manta duk abin da na gani da idona, jini ya motsa, na shiga zazzaga wa Emil. Na ce butulu ne, ɗan gona mara tarbiyya. Wa ya wanke masa kaya? Wa ya tashi da asuba ya dafa masa ƙwai? Ko ba komai ai a ƙarƙashin rufinta ya zauna, da ya kira ta ko don idon mutane. Na ce bari in samu lambar ubansa, sai na gaya masa abin da bai taɓa ji ba.

"Halya, ki bar yaron nan," ta ce.

"Ba zan bar shi ba! Ya kunyata ki gaban gari!"

"Na ce ki bar shi."

Na taka birki a bakin gidanta. Ba ta buɗe ƙofa ba. Tana kallon gaba, ta ƙanƙame jakarta da hannu biyu, hawaye yana gangarowa ta gefen hancinta ba ta share ba.

"Ni ya fara tambaya," ta ce. "Ranar da ya gama gyara matakala. Ya tsaya a kicin yana ta juya hula, ya ce an gaya masa wataƙila a kira shi rana ta biyu, an ba shi kujera biyu, ɗaya ta babansa. Ya ce shi ba shi da uwa, ko zan zo in zauna masa."

Na kashe motar. "Me kika ce masa, Yaya?"

"Na ce kada ya wahalar da babansa da doguwar tafiya a banza. Na ce ni ai ina can tare da Tavis, idan na hango shi zan ɗago masa hannu."